Jaje Ta Komo Yadi

Garinmu ya taɓa mallakar motar kashe gobara guda ɗaya tak, kuma ban san wanda ya taɓa kiranta da sunan da maƙeranta suka liƙa mata a goshi ba. Jaje ake ce mata. Mutanen Argungu ne suka raɗa mata sunan, a shekarar da wuta ta kama rumfunan masu kifi a kasuwarsu, aka aiko garinmu, Birnin Kebbi, neman gudunmawa. Motar ta tashi da hantsi, ta isa bayan la'asar, ta tarar an share toka har an fara kafa sababbin rumfuna. Wani tsoho ya leƙa tagar direba ya ce, "Sannunku da zuwa jaje. Allah shi ba da lada." Mun ji haushi a farko, daga baya muka karɓi sunan, domin ya dace da ita.

Ni ne akawun yadin da ake ajiye motocin hukuma a unguwar Nasarawa a wancan zamani. Abin da ya shafe ni game da Jaje bai wuce in san fitarta in san dawowarta ba. Bayan kowace fita, direbanta, Labbo, yakan tsaya a tagar ofishina, ya cire hular kwano, ya ce, "Akawu, mota ta komo." Ni kuma in ce, "Kun makara." Ko sun makara ko ba su makara ba, amsar ke nan, kuma bai taɓa musantawa ba.

Jaje tana da lahani guda wanda duk garin ya sani. Kik ɗinta, wato abin da ke murɗa inji idan an juya makulli, ya ƙone tun tana sabuwa. Aka ce sabo yana hanya daga Ikko. Ya kasance a hanya har Labbo ya yi furfura. Saboda haka ba ta tashi sai da turi, ga nauyin ruwa cike da tanki, ga yadin shimfiɗe babu gangara. 'Yan kwana-kwanan da ke kanta ba su isa su motsa ta ba, sai aka koma ga jama'a.

A gefen kujerar direba akwai ƙararrawa ta tagulla mai igiya. A wasu garuruwan, na ji an ce, ana kaɗa irinta ne domin a ba mota hanya. A Nasarawa kira ne. Idan Labbo ya kaɗa ta, bugu biyu a jere sannan ɗaya mai tsawo, tela yakan bar keke da zare a allura, mahauci ya soke wuƙa a kan teburi, wanzami ya bar mutum da rabin aski, shi ma mai rabin askin ya biyo baya. Kowa ya sa kafaɗa. Babu dokar da ta ce a yi haka. Magana ɗaya ce kawai take yawo a unguwa, cewa wanda ya ji ƙararrawa ya ƙi fitowa, ranar da gidansa ya kama sai ya zo ya tura shi kaɗai. Ban taɓa ganin wanda ya gwada ba.

Mutum na biyu a kan motar shi ne Job, mai kula da famfo, wanda ya zo daga Filato yana saurayi, ya zauna a garin har aka manta cewa baƙo ne, sai ranar Lahadi. Job ba ya shiga ciki. A kan matakalar ƙofar direba yake tsayawa, hannu ɗaya a riƙe da madubi, yana karanta wa Labbo hanya a lungunan da ba a yi su domin mota ba. "Dama kaɗan! Lambatu a hagu! Ga akuya, ta liman ce, kar ka taka!" Labbo yakan ce idonsa biyu ne, amma da huɗu yake tuƙi.

Fitarta ta ƙarshe ma Argungu ce, kafin a ba mu jiha. Rumbunan shinkafa ne suka kama bayan girbi, kuma a wannan karon, abin mamaki, ta isa a kan kari. Job ya jefa mesa cikin gulbi, famfo ya yi ta aiki yini guda, aka ceci mafi yawan hatsin. Mutanen Argungu suka rasa abin tsokana, suka cika musu bokitin gobara da kifi. A hanyar dawowa, daidai Ambursa, injin ya yi tari ya tsaya. Labbo ya kaɗa ƙararrawa, manoma suka fito daga fadama suka tura har suka gaji, ba ta ko amsa ba. Aka gangarar da ita ƙarƙashin wata tsamiya a gefen hanya.

Labbo ya dawo gari a bayan motar albasa. Ya zo tagata, ya cire hular kwano, ya tsaya. Bai ce mota ta komo ba. Ni ma ban ce sun makara ba. Aka yi alkawarin za a tura a jawo ta, kuma alkawarin ya bi hanyar da kik ya bi. Daga baya sababbin motoci suka zo masu jiniya, aka yi musu mazauni a wani wuri, Job ya rasu, ni na yi ritaya. Labbo kuwa, duk lokacin da tafiya ta bi da shi ta Ambursa, yakan juya fuskarsa zuwa ɗaya gefen hanya. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Ni nif fito da ita yadi, Akawu. Ban mai da ta ba."

Shekara talatin da ɗoriya tana ƙarƙashin tsamiyar nan, sannan Alhaji Aminullahi ya tuna da ita. Shi mai injin casar shinkafa ne a unguwar Badariya, mutum mai son alheri da son a san ya yi. Yana da wani tsohon hoto a falonsa, mahaifinsa marigayi a tsaye a bayan Jaje, hannuwa biyu a jikinta, fuska a murtuke. A gidansu an tashi da labarin cewa tsohon ɗan kwana-kwana ne na sa kai. Na san mahaifin. Tela ne, kuma turi yake yi a hoton. Ban ga amfanin gyara tarihin gidan mutum yana shirin gyara na gari ba, don haka na yi shiru. Aka kafa kwamiti, aka naɗa ni sakatare, saboda ni ne tsohon da ya rage mai iya zama a taro ba tare da gyangyaɗi ba.

Shirin shi ne a gyara ta a inda take, a tuƙo ta da ƙafafunta daga Ambursa zuwa tsohon yadi, sannan a ɗora ta a kan dandamalin siminti, a kewaye da sarƙa, ta zauna har abada. Wato tafiya ɗaya ta rage mata a duniya.

Wanda ya karɓi aikin shi ne Dominic, ɗan marigayi Job, makanike mai gareji a Nasarawa, wanda shi ma gashinsa ya fara fari. A garin aka haife shi, kuma Hausarsa ta fi tawa kama da ta kakannina. Ranar da muka je duba ta, mun tarar kaji sun mayar da kujerar direba wurin kwanci. Wani manomi mai suna Hodi yana ajiye albasa a cikin tankin, ya ce babu rumbun da ya kai shi sanyi. Mesa ta daɗe da tafiya fadama ban ruwa, tayoyi sun zama takalma a ƙafafun mutanen da su ma sun riga mu gidan gaskiya. Wani reshen tsamiya ya ratsa ta tsakanin matakan tsani ya yi kauri, sai da aka sa zarto. Launin ja ya koma kalar busasshen barkono, amma da Dominic ya ɓalle ƙofar wani akwatin kayan aiki da rana ba ta taɓa shiga ba, sai ga ainihin jan nan yana ƙyalli. Ya cire ƙofar ya kai wa mai haɗa fenti.

Ƙararrawar kuwa a wata makarantar firamare muka same ta, rataye a jikin bishiya, tana kiran yara aji. Shugaban makarantar bai yarda ya rabu da ita ba sai da Dominic ya kawo masa tsohon ƙarfen taya mai amo, ya rataye masa da kansa.

Labbo ya ji labari, ya fara zuwa Ambursa kullum a bayan ɗan kabu-kabu. Lokacin yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan kuma an yi masa aiki amma inuwa-inuwa yake gani. Yakan shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya ya ba da umarnin da ba a nema ba.

"Dominic, wanga bututu ba nan yake ba."

"Baba, tiyon ruwan lagireto ne. Nan yake tun da anka yi ta."

"Ubanka bai taɓa sa shi nan ba."

"Ubana famfo ya sani, Baba. Inji kai ne kat tafasa shi."

"Ji ɗan banza! Ni nig goya ka a kan wagga mota kana zubar da majina."

"Awo, shi ya sa nake gyara ta, in biya goyo."

Rigimar da ta fi tsawo ita ce ta kik. Dominic ya samo na wata tsohuwar babbar mota a Sakkwato, ya yi masa dabara ya zauna. Ranar da ya juya makulli injin ya kama da kansa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kajin Hodi suka watse, kowa ya yi kabbara ko abin da ya yi kama da ita. Labbo kaɗai bai yi murna ba. Ya daɗe yana sauraron ƙugin injin, hawaye na bin gemunsa, sannan ya ce, "Muryar tata ce. Amma mota mai tashi da makulli, ban san ta ba."

Shi dai a ransa babu shakka cewa shi zai tuƙo ta gida. Ya sa an wanke masa tsohuwar kakinsa, an rage mata faɗi. Amma 'yarsa Balaraba, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ita ke riƙe da shi, ta zo har gidana kafin zaman kwamiti na ƙarshe.

"Baba Akawu, don Allah ku hana shi. Jiya ya gai da turmi, ya ɗauka maƙwabciyarmu ce a zaune."

"Turmin ya amsa?"

"Ba wasa nake ba, Baba. In ya taka ɗan wani fa?"

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar na kai wa kwamiti. Aka yanke cewa wani direban manyan motoci mai lasisi shi zai tuƙa, Labbo kuma a zaunar da shi a gefe a ba shi igiyar ƙararrawa, domin girmamawa. Ni aka ɗora wa isar da saƙon. Na same shi a zaure, na yi masa bayani da duk ladabin da aikin gwamnati ya koya mini. Ya saurara har na gama.

"Wato a kai ni kamar amarya," in ji shi.

"Kamar babban baƙo."

"Akawu, ba hawanta nika so ba. Na hau ta har na gaji. In mai da ta nika so."

Sai na yi masa maganar zafin rana.

Ranar bikin, da safe, aka taso daga Ambursa. Ni ina cikin motar Alhaji Aminullahi a baya, ina kallon Jaje tana tafiya a gaba, ja wur, tsaninta a kwance a bisa, 'yan kabu-kabu sun yi mata rakiya hagu da dama. Har daga Argungu wasu dattawa suka zo, suka ce sun zo rama jaje. Ta tagar gefe ina hango ƙeyar Labbo da hular kwano. Bai taɓa igiyar ba ko sau ɗaya a duk tsawon hanyar.

A bakin titin Nasarawa, inda ake hango ƙofar tsohon yadi daga nesa, aka kafa rumfa domin jawabi. Direban ya tsayar da motar, ya kashe inji, ya ja birkin hannu, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya sauka domin a ɗauke shi hoto. Jama'a sun cika titi. Matasa sun ɗaga wayoyi sama, tsofaffi kuma suna tsaye a baya-baya, cikin manyan riguna, suna kallon motar kamar yadda ake kallon wanda aka yi makaranta tare.

Alhaji Aminullahi ya karɓi lasifika, ya ga hayaniya ta yi yawa, sai dabara ta zo masa. Ya juya wajen motar ya ce, "Baba Labbo, a kaɗa mana ƙararrawar tarihi, jama'a su natsu."

Labbo kaɗi ɗaya ya iya a rayuwarsa. Bugu biyu a jere, sannan ɗaya mai tsawo.

Abin da ya biyo baya, babu wanda ya shirya shi, kuma a matsayina na sakataren kwamiti ina iya tabbatar da haka. Wani tsohon mahauci da ke kusa da ni ya miƙa wa na gefensa sandarsa ba tare da ya dube shi ba. Wani ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa. Daga rumfunan teloli, daga bakin masallaci, daga cikin kujerun manyan baƙi, mutane masu furfura suka fara ratsa taron, ba da gudu ba, domin gudu ya bar su, amma kai tsaye. Dattawan Argungu ma suka bi, suna cewa ai sun san aikin, a garinsu ma sun sha yi. Ban tuna lokacin da na yanke shawara ba. Na dai tsinci kafaɗata a jikin ƙarfen baya, a gefen hagu kusa da fitila, inda nake sa ta a da.

Muka tura, ba ta motsa ba. Muka sake, ba ta motsa ba. Sai tsohon mahaucin nan ya ɗaga kai ya daka tsawa, da irin muryar da yake yi tun muna samari.

"Labbo! Barci kakai? Saki birki mana!"

"Saki birki, Labbo!" in ji sauran. "Mu za ka kashe?"

Daga inda nake ban ga abin da ya faru a gaba ba, Dominic, wanda ke tsaye a bakin ƙofar direba, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce tsohon ya zame daga kujerar baƙo zuwa ta direba kamar ba shi ne ake riƙe wa hannu a hau tabarma ba. Ya lalubi birkin hannu ya sake, ya taka kuloci, ya sa giya ta biyu. Dominic ya san abin da direba mai lasisi bai yi tunani ba, cewa makullin da ke aljihunsa na sabon kik ne kawai, tsohon injin gas kuwa ba ya neman izinin kowa idan tayoyi suka juya shi. Ya ce yana da zarafin da zai miƙa hannu ya ja birkin. Maimakon haka sai ya ga ƙafarsa a kan matakalar ƙofa, hannunsa a kan madubi.

Motar ta fara mirginawa. Matasan da ke ɗaukar hoto suka ga tsofaffi na nishi, kunya ta kama su, suka sa wayoyi a aljihu suka kama. Alhaji Aminullahi ya yi ta kiran a dakata ta lasifika, da ya ga babu mai ji, sai ya ajiye ta ya biyo mu da niyyar tsayar da mu, ya dafa bayan motar da hannu biyu. Wanda ya dafa mota mai tafiya kuwa, turi yake yi, ko ya so ko bai so ba. Na dubi fuskarsa a murtuke, hannuwansa a jikin jan ƙarfe, na ga hoton falonsa sak. Ina jin shi ma a lokacin ya gane aikin da mahaifinsa yake yi.

Labbo ya saki kuloci. Jaje ta yi tsalle, ta yi tari, ta watsa mana baƙin hayaƙi a fararen riguna, sannan ta kama. Muka tsaya a tsakiyar titi muna haki, hannuwa a gwiwa, ita kuma ta ci gaba a hankali, tafiyar da mai ƙafa zai iya bi. Ta cikin ƙugin injin ana jin muryar Dominic.

"Miƙe, Baba! Miƙe! Dama kaɗan, akwai mai lemu! Lambatu a hagu, tsohon nan, yana nan inda kas san shi!"

Balaraba tana bin gefen motar, mayafinta a hannu, tana kore yara daga hanya tana faɗin, "Wayyo Baba! Dominic, Allah ya isa in ka bari!" Amma ban ji ta ce a tsaya ba.

Ƙofar yadin ƙunci gare ta, tun asali ba a yi ta domin Jaje ba, kuma ginshiƙinta na dama yana ɗauke da tabon da Labbo ya yi masa a shekarunsa na farko. Dominic ya ce da suka iso ta bai san gefen da zai ce a karya ba, domin tazarar ba ta wuce tafin hannu ba kowane gefe. Tsohon ya karya sitiyari tun kafin a ce masa, ya shige. Bai nufi dandamalin siminti ba, domin bai san da shi ba, kuma ba ya ganinsa. Ya wuce can ƙurya, gindin bishiyar dogon yaro, inda take kwana a da, ya taka birki, ya ja maɓallin kashe inji.

Kafin in iso, ina jan ƙafa, an riga an sauko da shi. Ofishina na da yanzu shagon masu gyaran waya ne, amma tagar tana nan, an dai sa mata gilashi. Can na hango shi a tsaye, Balaraba na riƙe da gwiwar hannunsa, yana fuskantar tagar, masu shagon suna kallonsa ba su san abin da yake nema ba. Na roƙe su su ba ni hanya, na shiga, na zagaya bayan teburinsu, na zuge gilashin.

Ya cire hular kwano.

"Akawu," in ji shi, "mota ta komo."

Na gyara tsayuwa, na dubi agogon da babu shi a bangon.

"Kun makara," na ce.